Dakar: Makarantar Masu Gyaran Ma'aikatu

Matafiyin da ya bi babban titin da a da ake kira Janar Dagol a birnin Dakar, daga wajen Babban Masallaci zuwa dandalin Obelis, zai gifta ƙofar wata makaranta da ake kira CESAG. A nan ne ƴaƴan ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da na Nijar, ke zuwa neman ilimi mai zurfi na tafiyar da kamfanoni da ma'aikatu. Da safe akan ga ɗalibai suna shiga riƙe da jakunkuna. Waɗansunsu magidanta ne da suka baro biro da iyali a gida.

An buɗe makarantar a shekara ta 1985 a ƙarƙashin ƙungiyar CEAO. Da ƙungiyar ta rushe, sai babban bankin BCEAO ya karɓi riƙonta a 1995. A wannan birni ne kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, abin da har yau ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram ba su manta ba.

Mai koyon aikin ba da shawara kamar likita yake. Yakan duba littattafan kuɗi, ya zauna da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya bi takarda tun daga hannun masinja har teburin darakta, don ya gano inda take kwana. Sai bayan haka yake rubuta magani.

Littattafan fannin ba su ɓoye wuyar aikin ba. Masanin Faransa Michel Crozier ya nuna a 1963 cewa a masana'antar taba ta gwamnatin ƙasarsu, masu gyaran injuna sun fi ƙarfin shugabanninsu, domin su kaɗai suka san sirrin injin. Ashe iko ba a kan takarda kaɗai yake ba, kuma sa hannun minista bai isa ya sauya halin ma'aikata ba.

Wanda ya fito daga aji ya taka zuwa kasuwar Tilen, cikin unguwar Madina, zai tarar da darasin a fili. Babu zanen muƙamai a bango, amma kowane yaron shago ya san ubangidansa, bashi kuma yana tafiya bisa amana, tamkar a wajen alhazan Maraɗi.

Nijar ta ɗanɗani gyara mai ɗaci: bankin BDRN ya durƙushe a 1990, an kuma sayar da mafi yawan hannun jarin SONITEL a 2001. Bayan kowane irin wannan mataki akwai albashin magidanta da tukunyar gidajensu. Don haka ƙasa na bukatar ƴaƴanta su ƙware a wannan aiki, su kuma dawo a saurare su. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.