Sunanmu a Goshin Rumfa

Rubutunmu na wannan mako a kan sitika ne, irin wadda ake liƙa wa kanofi da rumfar yadi. Kada wani ya ce me ya haɗa marubuci da wannan. Duk ƙungiyar da ke zaman karatu ko ƙaddamar da littafi a fili, wata rana za ta so a ga sunanta a goshin rumfarta. Mu ma haka muka so, bayan mun gaji da haya mun yi karo-karo mun sayi namu kanofi.

Mai yanka sitika na ƙwarai, kafin ya faɗi kuɗi sai ya tambaya wane irin yadi ne. Sitikar da muke gani a ƙofar shaguna da bayan Keke Napep an yi ta ne don gilashi da ƙarfe, wuraren da suke sumul. In aka ɗora ta a kan yadi mai saƙa, gam ɗin kan zaren kawai yake taɓawa, ga shi kuma yawancin yadin rumfa an sa masa sinadarin korar ruwa, wanda gam ma korarsa yake yi. Kwana kaɗan sai a ga bakin harafi ya ɗaga. Tamfol mai santsi, wanda aka lulluɓe da roba, yana karɓar ta, amma shi ma da tasa matsalar: man da ke sa robar ta yi laushi yana tsattsafowa in rana ta dake shi, sai gam mai araha ya koma danƙo, harafin ya dinga zamewa.

Akwai sitikar zafi, wadda ake buga lamba da ita a rigar ƙwallo. Ana danna ta da zafin da ya kai kamar digiri 150 na daƙiƙa 10 zuwa 15, tana kama auduga sosai. Amma duk wanda ya kai dutsen guga kan tamfol ya yi asarar rumfarsa. A ƙasashen da ake tseren jiragen ruwa masu filafilai, suna da wani siririn yadi mai gam a baya da suke yanka lambobi da shi. Mun zaga ba mu same shi ba. Da yake namu goshin tamfol ne, sai muka nemi sitika mai ƙarfin gam, muka fara liƙa ɗan guntu a gefen ciki, muka bar shi mako guda a rana kafin mu biya kuɗin sauran. Masu rumfar yadi kuwa, shawararmu su yanka haruffan a sitika, su yi amfani da ramin a matsayin zubi su shafa fenti, sannan su ɓare.

Liƙawar ba ta son gaggawa. Mun shimfiɗa goshin a kan tebur da sassafe, kafin ƙurar hunturu ta tashi, muka wanke da sabulu, ya bushe, muka goge da sifirit. Muka ja layi da alli, muka ɗauko haruffan gaba ɗaya da tef na takarda don kada tazararsu ta ɓaci, muka bi da tsohon katin ATM muna murzawa daga tsakiya zuwa gefe. Girman harafi kuwa, masu rubutun allo suna lissafa inci ɗaya ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Namu inci shida ne.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan lanƙwasa. A ƙarƙashin sunanmu akwai jimlar da ta ƙare da kalmar ƙasa. Da aka buga ta a kwamfutar mai shagon, sai ƙ ta fito ɗan akwati, domin salon rubutun da ya zaɓa ba shi da ita. Ya ce mu sa k kawai, ai kowa zai gane. Muka ce a'a. Tsakanin ƙasa da kasa akwai nisa, kuma ƙungiyar marubuta ba za ta rataya kasawa a goshinta ba. Tun shekarun 1930 haruffan ɓ da ɗ da ƙ suke cikin rubutun boko, amma har yau allunan garuruwanmu cike suke da kofa a wurin ƙofa. Muka zauna tare da shi muka gwada salo bayan salo har muka samu mai lanƙwasa. Sai ga wata sabuwa: ƙugiyar kan ƙ siririya ce, ita iska za ta fara kamawa. Muka roƙe shi ya ƙara mata kauri, ya kuma zagaye tsinin. Ya yi ƙorafi, ya ƙara mana kuɗi kaɗan, amma ya yi.

Mun bar aikin kwana ɗaya cur kafin mu motsa shi, domin gam ya zauna. Yanzu in an tashi taro, goshin daban muke cire shi mu naɗe kamar tabarma, rubutun yana waje, ba ma ninke shi tare da sauran tamfol ɗin, don a kan ninki sitika take fara tsagewa.