Wanda ke riƙe da alƙalami a Yamai

Duk ɗan lakwal da ka tambaya me yake son zama, zai ce maka likita, ko alƙali, ko injiniya. Ban taɓa jin wanda ya ce yana son ya zauna a biro yana tsara yadda ƙasa za ta kula da masu taɓin hankali ba. Ni kuwa aikin ya daɗe yana mini yawo a rai.

Abin da muka fi sani game da ciwon shi ne Pavillon E na babbar likitar Yamai, shi ma a bakin ba'a muka san shi: ka yi wata magana marar kai a fada, a ce can za a kai ka. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Talakan da ɗansa ya fara surutai shi kaɗai, ina ya ga kuɗin mota, da na abinci, da na mai jinya? Sai a kai shi wurin malami ko boka, in ya yi ƙarfi a sa masa mari.

A nan ne mai alƙalamin nan yake shigowa. A ma'aikatar kiwon lafiya akwai shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma masu jagorantarsa suna da ta cewa a kan abubuwan da ba a gani. Wane magani zai shiga jerin magungunan da dole a samu a CSI? In fenobarbital na ciki, mai farfaɗiya a ƙauye zai iya daina faɗawa wuta. In ba ya ciki, majo ba abin da zai ba shi sai haƙuri. Wa za a horar? OMS ta fito da shirin mhGAP a 2008, don ma'aikacin jinya na gari ya iya gane ciwon damuwa mai tsanani, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da shaye-shaye, ba sai an jira ƙwararre ba. Amma littafi ba ya horar da kowa. Sai wani ya yi ta faɗa a teburin kasafi, inda zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke gaba, kuma da gaskiyarsu. A duniya ma, abin da gwamnatoci ke ware wa wannan fanni bai fi kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiya ba.

Mutumin da ya fi burge ni shi ne Thomas Lambo, na Abeokuta a Najeriya. A 1954 ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su zo a duba su. Bai kori masu maganin gargajiya ba, aiki ya yi da su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban OMS. Wato ya san ƙauye kafin ya hau kujera, kuma ni a ganina wannan ne sharaɗin farko na aikin.

Mu namu ya fi nasa yawa. Ga tramol a hannun ƴan kabu-kabu, ga mutanen Diffa da suka tsere wa hare-hare tun 2015, wasu har yau barci ba ya ɗaukarsu. Ranar 10 ga Oktoba a yi taro, a raba riguna, a watse. Ni dai da zan samu wannan kujera, abu na farko da zan tambaya shi ne CSI nawa ne a jahar Maraɗi suke da maganin a kan kanta yau.