Hawan Dutsen Mambila: Ƙasar Da Ake Duban Taya Kafin A Dubi Direba

Matafiyin da ya tashi daga Jalingo da sassafe ya nufi kudu, ya ratsa Garba Chede da Bali, ya ɗan huta a Serti, in Allah Ya kiyaye hanya zai iske kansa a Mayo Selbe kafin rana ta yi sanyi. Nan ne gindin dutsen Mambila. Daga nan in ya ɗaga kai zai hango tsaunuka sun tokare sama, gajimare ya yi musu rawani, har ya ɗauka ya iso. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. A wannan gari ne direbobin da suka san hanya sukan tsaya, a ƙara wa mota ruwa, a gwada birki, sa'an nan maigidan mota ya kewaya ta yana duban ƙafafunta huɗu ɗaya bayan ɗaya, yaron mota na biye da shi riƙe da waigi. Baƙo yakan ɗauka ɓata lokaci ne. Kafin ya kai Maisamari zai sake shawara.

Mambila tudu ne mai faɗi a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma Gembu ce hedkwatarsa. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga bakin teku. Kusa da shi, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda ya zama gandun ƙasa cikin 1991, akwai tsaunin Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a duk faɗin Nijeriya. A da can ƙasar tana hannun Jamus, ta koma hannun Ingila bayan da aka kori Jamusawa daga Kamaru cikin 1916. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna. Ya zauna cikin Jihar Gongola tun daga 1976, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Taraba.

Ƙasa ce mai albarka. Shanun Fulani sun cika tuddai, ciyawa kore shar, babu zafin da ke gallabar mutanen ƙasa. Mambilawa da Kaka da Panso da Kambu suna noman masara da gwaza da ayaba da gahawa, ga fiya, ga itacen turare da ake yankan katako, ga gandun shayi na Kakara. Hausawa kuwa sun daɗe da kafa kasuwanci a Gembu da Nguroje. Sai dai duk wannan arziki ba shi da amfani ga talaka sai ya kai kasuwa, kuma ba ya kai kasuwa sai a kan taya.

Hanya Uku Cikin Tafiya Ɗaya

Abin da ya sa zaɓen taya ya zama babbar magana a nan shi ne, tafiya ɗaya ce amma hanya iri uku ce. Ta fari ita ce doguwar kwaltar da ta taso daga Jalingo zuwa Serti, cikin ƙasa mai zafi, inda taya ke yin awoyi tana gudu tana ɗaukar zafi, tana kuma faɗawa ramuka. Ta biyu ita ce hawan kansa, daga Mayo Selbe zuwa bisa: kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun, sau da yawa kuma hazo ya rufe ko ruwa ya jiƙa kwalta. A nan ne ake da Hawan Biyu da Sisi, wanda masu ba da labari suka ce ya samo sunansa daga ladan sule biyu da sisi da akan biya ɗan dako ya hau da kaya a ka, tun mota ba ta fara hawa ba. Ta uku ita ce hanyoyin ƙasa da suka rabu da kwalta suka nufi ƙauyuka da rugage da kasuwannin kan iyaka.

Waɗannan hanyoyi na uku su ne abin tsoro. Damina a Mambila doguwa ce, tana farawa wajen watan Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai wajen Oktoba, ruwan da ke sauka kuwa ya haura milimita 1,800 a shekara. Jar ƙasar tudun in ta bushe tana da tauri kamar daɓe, in kuwa ta sha ruwa sai samanta ya koma kamar sabulu. Saboda haka ne tsofaffin motocin Land Rover, waɗansunsu sun girmi direbobinsu, suka zama jakunan wannan ƙasa. An fara ƙera irin wannan mota a Ingila cikin 1948, aikin gona aka nufa da ita, ta kuwa sami gida a Mambila. Motocin Toyota, watau Hilux da Land Cruiser, sun zo sun tarar da ita.

To, sai dai mutane da yawa sukan ruɗe da zancen mota mai ja da ƙafa huɗu. Suna zaton da zarar an sa wannan giya, shi ke nan. Alhali kuwa inji ba abin da yake yi illa juya ƙafa. Wurin da mota ta taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannu da yatsunsa ba, kuma a kan waɗannan tafuka huɗu ne ja da birki da juya sitiyari duk suka dogara. In taya ta kasa kama ƙasa, ƙafa huɗun sai su yi ta juyawa wuri ɗaya. Har wa yau, jan ƙafa huɗu yana taimakon mota ta hau, amma ba ya ƙara wa birkinta ƙarfi.

Iri Uku Na Taya

Masu ƙera taya sun kasa tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku, kowanne da haruffansa. Akwai mai alamar H/T, ta kwalta ke nan. Zanenta ƙanana ne matsattsu, ba ta da ƙara, ba ta shan mai, tana kama jiƙaƙƙiyar kwalta sosai. Amma in ta shiga laka, nan da nan zanen zai cushe, ta koma sumul kamar gorar ruwa. Akwai mai alamar M/T, ta taɓo ke nan. Haƙoranta manya ne, da wagegen gibi a tsakaninsu har zuwa kafaɗa, domin in tana juyawa ta riƙa watsar da laka, haƙoran su sake cizon ƙasa. Aibinta kuwa a kan kwalta yake: tana da ƙugi, tana ƙara shan mai, tana saurin cinyewa, mafi muni kuma, in kwalta ta jiƙe birki yakan ja nisa kafin mota ta tsaya, saboda robar da ke taɓa hanya kaɗan ce. Ta uku ita ce mai alamar A/T, wadda ta tsaya tsakani: ba ta kai ta kwalta a kwalta ba, ba ta kai ta taɓo a taɓo ba, amma ba ta kunyata mai ita a ko'ina sai a laka mai tsanani.

Ashe ke nan tambayar ba wace taya ce ta fi ba, tambayar ita ce ina motar take yini. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Jalingo da Gembu, ba ya barin kwalta sai jefi-jefi, ta tsakiyar ce tasa. In ya sayi ta taɓo don kwalliya, ya sayi haɗari a kwanonin Mayo Selbe ranar da aka yi ruwa. Direban da ke ɗaukar masara da fasinja daga ƙauye zuwa kasuwa cikin watan Agusta kuwa, ba shi da zaɓi sai mai manyan haƙora, har ma yakan ajiye sarƙa ya ɗaura wa ƙafafu in santsi ya yi tsanani.

Sa'an nan ga zancen faɗi. Baƙi da yawa sukan zo da faffaɗar taya suna taƙama. Tsohuwar Land Rover mai dogon jiki kuwa tayarta siririya ce doguwa, mai lamba 7.50-16, faɗinta wajen santimita 20, tsayinta kimanin santimita 80. Hikimar ita ce, a yawancin hanyoyin tudun lakar sama-sama ce, akwai ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. Siririyar taya takan yanka lakar ta iske taurin ta kama, faffaɗar kuwa sai ta yi ta zamiya a sama. Tsayin kuma yana ɗaga cikin mota, kada ya zauna a kan tudun da ke tsakanin sawun ƙafafu. A yashin Yusufari ta Jihar Yobe, ko a hanyar Agadas zuwa Bilma, lissafin juyewa yake yi. Can babu tauri a ƙarƙashi, taya mai manyan haƙora rami za ta haƙa wa kanta. Abin da ake so can shi ne taya mai sassaucin zane, a rage mata iska ƙwarai ta baje bisa rairayi kamar tafin raƙumi.

Karatun Gefen Taya

Duk abin da mai saye ke bukatar sani an rubuta shi a gefen taya, sai dai ba kowa ke karantawa ba. In an ga 265/70 R16, ma'anarsa faɗin taya milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista cikin 1946, 16 kuwa faɗin wili ne da inci. Mai niyyar shiga hanyar duwatsu ya nemi gefe mai tsayi, domin shi ke shanye duka ya kare wili. Ya kuma nemi haruffan LT, waɗanda ke nuna an yi tayar don motar ɗaukar kaya, jikinta ya fi kauri. Irin waɗannan akan nuna ƙarfinsu da harafi: C daidai da rufi 6, D rufi 8, E rufi 10. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama a hanyar dutse ba ƙusa ce ke kashe taya ba, kaifin dutse ne ke yanka gefenta, yankan gefe kuwa ba ya ɗaukar faci mai aminci.

Akwai kuma lambar nauyi. Mai lamba 112 tana ɗaukar kilo 1,120, mai 120 kuwa kilo 1,400. Kada mutum ya tara huɗun ya ce ya tsira. Motar da aka lafta wa buhuna, in ta fuskanci hawa nauyin baya yake komawa, in ta karkace a gefen tudu sai ya taru a kan ƙafa biyu.

Abu na ƙarshe shi ne ranar haihuwar taya. Tun daga shekarar 2000 ana buga lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Watau 2423 na nufin mako na 24 cikin 2023. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa tana tsattsagewa. Manyan masu ƙera taya sun ba da shawarar a riƙa bincikarta kowace shekara in ta kai biyar, a yar da ita in ta kai goma komai kyan zanenta. Wannan gargaɗi ya ƙara muhimmanci tun da masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe cikin 2007, ta Dunlop a Ikeja kuma ta daina ƙera taya cikin 2008, tayoyin gwanjo daga ƙetare suka yawaita a kasuwa. Gaskiya ne sabuwar taya ta yi tsada, kuma direban haya ba don son ransa yake sayen gwanjo ba. Amma araha ba ta ado, tsohuwar taya kuwa takan zaɓi doguwar kwalta mai zafi ko gangara ta fashe.

Iska Da Haƙuri

Ko an dace da taya, saura sanin iska. A kan laka da duwatsu direbobi sukan rage iska kaɗan, domin taya ta ƙara shimfiɗuwa ta rungumi ƙasa. In an rage fiye da kima alhali da kaya, taya na iya zamewa daga wili, ko ta tsinke tif ɗin da ke cikinta. In kuma an komo kwalta tilas a mai da iskar, in ba haka ba gefen zai yi ta lanƙwashewa yana zafi har ya fashe. Don haka famfo da ma'aunin iska suna cikin guzurin hanya, tare da jak, da katakon da za a ɗora shi a kai, da shebur, da safaya mai lafiya. Da safe ake auna iska, kafin taya ta yi zafi.

Lalle ne kuma tayoyin huɗu da safayarsu su zama girma ɗaya. A motocin da giyar ƙafa huɗu ke ɗaure gaba da baya wuri ɗaya, in wata taya ta fi wata tsayi sai ƙafafun su riƙa jayayya, akwatin giya ne zai biya diyya. Saboda wannan dalili ne ma ake fitar da irin wannan giya da zarar an hau busasshiyar kwalta.

Wanda ya kiyaye waɗannan, ya kuma sauko gangara da ƙaramar giya maimakon dogara ga birki, Mambila za ta saka masa. Zai wuce Maisamari ya ga ƙasa ta buɗe, tuddai suna bin juna kamar raƙuman ruwa, ya ratsa Nguroje cikin sanyi mai ratsa riga, ya ga layukan shayi a Kakara, ya gangara Gembu ya hango kogin Donga a kwance ƙarƙashin gari. Amma ga mutumin ƙauye zancen ya wuce kallo. Motar da ta kafe a tsakiyar hawa cikin damina takan tare hanya yini guda, a bayanta kuwa akwai ayaba mai nuna, da ɗalibi mai jarrabawa, da mai naƙuda da ake son kai wa asibiti a Gembu. Shi ya sa a tashoshin tudun fasinja mai wayo, kafin ya tambayi kuɗin mota, yakan sunkuya ya dubi ƙafafunta. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.