Kwamfutar da ke Mutuwa a Ɗakin Jinyarta

Yanayin farfaɗo da kwamfuta wani ƙaramin tsari ne da manhajar Windows ke komawa cikinsa idan ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, kuma da yake ba ya ɗaukar yawancin manhajojin da mai na'ura ya saka, mutuwar kwamfuta a cikinsa alama ce mai ƙarfi cewa cutar tana jikin na'urar. A Ikara da Makarfi da Kudan, inda ƙurar hunturu ke toshe fanka, zafin bazara kuma ya biyo baya a Maris da Afrilu, zafi ne ya kamata a fara zargi, domin ƙwaƙwalwar kwamfuta tana kashe kanta idan zafinta ya haura digiri 100 don kada ta ƙone. Bayansa sai batirin da ya gaji, da wutar janareta mai hawa da sauka.

Abin damuwa shi ne gaggawar goge komai a sake saka Windows, alhali ɗalibar Kwalejin Shehu Idris da ke Makarfi tana iya rasa aikin bincikenta na shekara guda, matsalar kuwa tana nan. Mai gyara mai haƙuri yakan fara kwafe bayanan, sannan ya buɗe na'urar ya share fankar.