Ganga ta uku

Daga Girinsboro muke rubuto muku, a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, garin da ƴan Nijar suke da yawa. Magana ce a kan ɗanmu na fari. Sunansa dai ba za mu faɗa ba, kun san al'ada.

Yana da shekara 13 ya iso nan daga Maraɗi. Hausa da Faransanci ne a bakinsa, Ingilishi kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. A gida yaro ne mai surutu, shi ke raba ƴan wasa in za a buga balo a unguwa. Da zuwansa nan sai ya yi tsit. Shekara guda cur, ya je lakkol, ya dawo, ya shige ɗaki. Sai daga baya muka ji ashe shi kaɗai yake cin abincin rana a ƙarshen tebur. Mu da mamarsa aiki ya sha mana kai, muka ɗauka natsuwa ce.

Da zai shiga lise, wadda a nan shekara 4 ce, daga aji na 9 zuwa na 12, sai ya kawo mana takarda mu sa hannu. Wai yana son shiga badujalar makaranta, abin da muke ce ma fanfar. Muka ƙi. A gidanmu ba a taɓa yin makaɗi ba, kuma kowa ya san yadda ake kallon kiɗa a ƙasar Hausa: sana'ar gado ce, mai ita ke yin ta. Goggonsa da ta ji labari ta aiko da murya ta WhatsApp: "To, kun kai yaro Amurka don shi zama maroƙi?"

Bai yi gardama ba. Ya ajiye takardar a kan frigo, kwana 10 tana nan tana kallonmu. Abin da ya karya mana gwiwa shi ne, tun zuwansa wannan ne karo na farko da ya ce yana son wani abu. Muka sa hannu da sharaɗi biyu: kada maki ya sauka, kada salla ta wuce.

Aikin ba wasa ba ne. Tun cikin wakans, kafin a koma lakkol a watan Agusta, suke fara horo cikin rana, daga safe har maraice. Filin ƙwallon Amurka suke amfani da shi, mai tsawon yadi 100, wajen mita 91 ke nan, da layi a kowane yadi 5. Ana koya ma yaro ya yi taku 8 daidai tsakanin layi da layi, kowane taku santimita 57, ba ƙari ba ragi. Kowa yana da gurbinsa a fili, kuma gurbin yana canjawa sau da yawa cikin wasan da bai wuce minti 10 ba. Duk a ka ake riƙe shi, tare da kiɗan. Ran Juma'a da dare su yi wasa a hutun rabin lokacin ƙwallo, wasu Asabar ɗin kuma su hau kar su tafi gasa da wasu makarantu. Kuɗi ma mun biya, ɗaruruwan daloli, har mamarsa ta shiga cikin iyayen da ke sayar da abinci a bakin fili don a tara ma ƙungiya.

Shi babbar ganga aka ba shi, wadda ake ratayawa a ƙirji. Su biyar ne, daga ƙarama zuwa babba, kowace da muryarta. Kiɗan guda ne aka rarraba musu: wannan ya buga nasa, na kusa ya karɓa, har a kai ƙarshe. Ɗanmu shi ne na uku.

Ba mu gane ma'anar wannan ba sai wata Juma'a a watan Oktoba. Wani ɗan gida ya yi haihuwa, ana walimar suna da dare, muka ce ma yaro yau ba zuwa fili, zumunci ya fi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. In ban je ba, ba mai buga ta uku. Za a ji ramin." Kafin mu amsa, wayarsa ta fara ƙara. Abokansa ne, ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar ina yake. Yaron da ya shekara ba wanda ya lura ko ya zo ko bai zo ba, ga shi an yi minti 15 ba a gan shi ba har an tashi nemansa.

Muka kai shi, muka zauna cikin sanyi muka kalla. A ƙwallo akwai ƴan benci, a badujala kowa cikin fili yake. Yara fari da baƙi da ƴan Meziko, kaya iri ɗaya, hula iri ɗaya, ba ka gane ɗan wa da ɗan wa. Mamarsa ce ta fara hango shi, ta tafiyarsa. Da gangunan biyar suka karɓi kiɗa, muka kasa kunne muka ji tasa ta faɗo daidai wurinta. A lokacin muka tuna 2015, ranar 18 ga Disamba, da aka yi Maraɗi Kwalliya. Yana ɗan shekara 6 muka ɗora shi a wuya yana kallon defile, yana buga mana kai da hannu yana bin fanfar ɗin soja. Mu mun manta, shi ashe bai manta ba. Walimar ma mun same ta, a makare.

Yau Ingilishinsa ya fi namu, a cikin kar ɗin gasa ya koye shi. Makinsa bai sauka ba, don wanda ya faɗi a aji ana iya dakatar da shi daga fili, kuma ya san haka. Magariba yana yin ta a lungun ɗakin kayan kiɗa, abokansa har sun san lokacin. Ba ya cewa zai zama makaɗi, injiniya yake so. Goggo dai har yanzu ba ta sauko ba, mu ma ba mu ce duk damuwarta banza ce ba.

Abin da muke so iyaye su ɗauka, na nan da na gida, shi ne: yaron da ya yi shiru ba lalle natsuwa ba ce. Yana bukatar wurin da in bai zo ba za a tambaye shi, ko ƙungiyar balo ce, ko wasan kwaikwayo na lakkol, ko sahun defile. Namu a bayan ganga ta uku ya samu nasa.

Allah shi raya mana zuri'a, shi shirya mana su. A gaida mutanen gida.