Kwaciri, Inda Gwaggo Ta Koya Mini Ɗanɗana Zoɓo

Saura mako uku bikin 'yata ta fari na zauna lissafin lemon kwalba na 'yan yini, sai na ga kuɗin na neman kamo na katifa. Maigida ya ce a yi zoɓo. Ni kuwa bakin dangin ango nake tsoro, kar a koma gida ana cewa jan ruwa muka ba mutane. Abin da ya kai ni Kwaciri ke nan, wajen Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda da sana'ar zoɓo ta aurar da 'ya'yanta.

Ta waya ta ce in fara biyawa ta Sabon Gari. Wanda ya san kasuwar Abubakar Rimi da 'Yankura ya san sai ka riƙe jaka da kyau, ga 'yan dako, ga masu baro suna ta "hanya, hanya". Na auno zoɓo baƙi wanda ya bushe ƙayau, da citta, kanumfari, masoro da abarba. Mai awon ya ce tsadar ba laifinsa ba ce, 'yan waje ne ke kwashewa. Da gaskiyarsa. Daga Kano da Jigawa ana loda zoɓo buhu-buhu har Meziko, inda suke ce masa hamaika, suna sha da ƙanƙara kamar mu.

Kwaciri mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Fagge, amma da ka sauka daga adaidaita ka shiga lungu, hayaniyar kasuwa ta ƙare. Tun daga soro ƙamshin kanumfari ya tare ni. A tsakar gida ga tukunya a kan murhu, ga robobi a kife, ga yara na jiran kula za su kai ƙofar Islamiyya.

Gwaggo ta dafa kashi uku, ta jera mini kofuna. Na kai hannu zan kurɓa ta buge ni.

"'Yar nan, ba kunu ba ne. Ɗaga ki gani tukuna."

Na ɗaga kofin saitin rana. Na farko ja ne garau. Na biyu ya yi duhu kamar shuni, don ta jefa masa 'yar kanwa, ita ke kashe tsami, ita kuma ke juya launin. Sannan ta sa na shinshina, na kurɓa, na riƙe a baki. Tsami ne ke fara zuwa, sai yajin citta, can ƙarshe bauri ya kama harshe. In baurin ya yi yawa, an daɗe ana tafasa shi ke nan.

Dariya ta kama ni, don na taɓa ganin bidiyon mutanen Sifaniya, a yankin Riyoha da ya yi suna wajen jar giyar inabi, suna juya kofi suna shinshinawa, suna gardamar wane nama ya dace da ita. Mu Allah ya raba mu da abin da ke kofinsu, amma da idona na ga Gwaggo na yin irin wannan da halal ɗinta.

Wajen haɗawa da abinci ta fi tsanani. Zoɓo mai tsami abokin maiƙo ne: waina, tsire, soyayyen naman rago, dambun shinkafa da ya sha mai. Kurɓa ɗaya ta wanke baki, sai ki ji kamar yanzu kika fara ci. Kilishi kuwa da yajinsa ya zo, don haka a rage citta da masoro, a ƙara abarba ko kokwamba. Alkaki da nakiya sun riga sun yi zaƙi, sai a ja hannu da sukari. Kusa da fura da nono kuma kar ma a ajiye shi, tsami kan tsami ne.

Ni dai na uku na zaɓa, mai ɓawon abarba da mazarƙwaila. Ta ce a ware jarka guda marar zaƙi saboda masu ciwon sukari, kuma tsofaffin da ke shan maganin hawan jini kar a cika musu kofi, don zoɓo ma yana saukar da jini.

Ranar yini waina da miyar taushe muka yi. La'asar ba ta yi ba jarkoki suka ƙare. Da za a tashi, yayar uwar ango ta jawo ni gefe, gabana ya faɗi. Ashe lambar Gwaggo take so, ita ma tana da biki bayan Sallah.