Alƙawari da Ƙunƙuntar Ƙofa

Masu iya magana sun ce alƙawari kaya ne. Ban san nauyin wannan kaya ba sai ran da babban ɗana ya shigo ɗakin karatuna a gidanmu na Tudun Ƙofa, riƙe da sakamakon jarrabawarsa ta kammala sakandare, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga shi. Saura naka." Wata shida kafin nan, ina tsakiyar duba takardun ɗalibai, na ce masa in ya ci jarrabawar nan zan canza masa ƙwaƙwalwar kwamfutarsa, wadda masu gyara ke kira furosesa. Na faɗi maganar ne don ya bar ni in yi aiki, shi kuwa ashe ya ƙulle ta a bakin zane.

Kwamfutar kuwa 'yar gwanjo ce, irin wadda ofisoshin Turai suka gama mora kafin ta ƙetaro teku. Ƙwaƙwalwarta Core i5-6500 ce ta kamfanin Intel, wadda ta fito a 2015. Da ita yaron yake wasan ƙwallon ƙafa da abokansa, kuma kukansa kullum shi ne hoto yana tsinkewa daidai lokacin da ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga. Abokansa sun yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar ce ta tsufa. Ni kuwa, da na ƙare rayuwata ina koya wa ɗalibai kada su yanke wa waƙa hukunci kafin su karanta ta baiti-baiti, sai na ga bai kamata in zuba kuɗi a kan ji-ta-ji-ta ba, balle tun da aka sakar wa Naira mara a Yunin 2023 duk wani abu da ake saye da Dala ya zama sai wane da wane. Abin da aka nema a hannuna ya tasam ma kuɗin makarantar ƙannensa na zango guda.

Muka ɗauki akwatin muka kai wa wani mai gyara a cikin garin Keffi. Bai taɓa sukurdireba ba sai da ya kunna wasan, ya buɗe wani shafi na Windows mai nuna nauyin da kowane sashe yake ɗauka. Katin hoto ya cika maƙil, ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram ita ma ta kai wuya, ƙwaƙwalwar da ake zargi kuwa ba ta ko kai ga ƙarshen ƙarfinta ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, garken shanu ne za su fita ta ƙofofi uku a jere. In ka faɗaɗa ta farko ka bar ta tsakiya da ƙuncinta, saniya ɗaya ba za ta ƙaru a waje ba." Na yi shiru, don na san na sha karanta sharhin adabi mai shafi ashirin da bai kai wannan jumla fito da ma'ana ba.

Sannan ya bayyana mana abin da ya fi wannan muhimmanci. Ƙwaƙwalwa tana zama ne a wani gurbi bisa babban allon da ake kira madabod, kuma kowane allo da iyakar zuriyar da yake karɓa. Namu ba zai wuce zuriya ta bakwai ba, wato irin su Core i7-7700 ta 2017. Ga shi kuma Windows 11 ba ta amince da mafi yawan abin da ya gaza zuriya ta takwas ba, alhali Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Ke nan ko mun sayi mafi tsadar abin da allon zai ɗauka, muna nan a bayan ganuwa. Wanda ya yi dace shi ne mai allon AMD na gurbin AM4, domin gurbin nan ya karɓi Ryzen tun daga na 2017 har zuwa zuriyar 5000 ta 2020, ko da yake shi ma sai allon ya samu sabuntawar da ta dace. Da ya kwance murfin kuma, sai ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta dasƙare a fanka, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe ƙamas. Ƙwaƙwalwa in ta ji zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, zafin Keffi na watan Maris kuwa ba sai an ba kowa labari ba.

A hanyar komawa gida zuciyata ta rabu biyu. In na sayi abin da na ambata da bakina, na cika alƙawari amma na zubar da kuɗi a rijiya. In na ƙi, yaro zai ɗauka maganar uba ba ta da ƙima, wannan kuwa asara ce da ba a mayar da ita da kuɗi. Da daddare na kira shi, na ajiye kuɗin a gabansa na ce, "Naka ne. Ka ji abin da na ji. Zaɓi ya rage gare ka."

Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Baba, a wanke ta, a ƙara ram. Sauran a ajiye wurin Umma, in ya taru a canza allon gaba ɗaya."

Haka aka yi. Tsinkewar hoton ta ragu ƙwarai, ko da yake katin hoton yana nan da iyakarsa. Ragowar kuɗin suna cikin wata ambulan a akwatin mahaifiyarsa, kuma duk ƙarshen wata yakan zo ya durƙusa ya tuna mini cewa ambulan ba ta cika ba. Ni kuma tun daga ranar na daina yi wa yara alƙawari alhali idona yana kan takarda. Allah ya ba mu ikon sauke abin da muka ɗauka, amin.